Daga Doha: Ciwon dajin fankiriyas, abin da masu bincike suka gano da abin da ya rage gare mu

 

A wannan karon za mu tattauna ne kan wani ciwon daji da ba kasafai ake ambatonsa a majalisunmu ba, wato na fankiriyas. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da shi duk shekara a faɗin duniya, kuma adadin waɗanda yake kashewa bai yi nisa da wannan ba. Ko a Amurka, inda ake da kayan aiki da kuɗi, kimanin mutum 13 ne kawai cikin 100 ke kai shekara biyar a raye bayan an gano shi. Babban dalili shi ne yana girma shiru, sai ya yi nisa ake ankara. Wannan ne ya sa aka ware ranar Alhamis ta uku ta watan Nuwamba kowace shekara domin wayar da kai a kansa.

Mu fara da ita kanta gaɓar, domin akan rikita sunanta. Fankiriyas daban take da saifa, daban take kuma da madaciya. Wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a can bayan tumbi, kusa da ƙashin baya. Idan ka ji likita Balarabe a asibitin Hamad ya ce "bankiriyas", ita yake nufi. Ayyukanta biyu ne. Na farko, tana haɗa ruwan da ke narkar da maiƙo da nama da sitaci, fiye da lita ɗaya a kullum, ta tura shi cikin hanji ta wasu siraran bututu. Na biyu, wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta da ke cikinta, waɗanda wani ɗalibin likitanci Bajamushe mai suna Paul Langerhans ya fara bayyanawa a 1869, su ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon dajin fankiriyas daga ɓangaren narkar da abinci yake tasowa, kuma shi ne mai tsananin. Akwai wani nau'in daban da ke tasowa daga ɓangaren sinadaran jini, wanda sau da yawa ya fi tafiya a hankali. Irinsa ne ya yi ajalin Steve Jobs na kamfanin Apple a 2011.

Totur da birki

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. A cikin kowace ɗaya akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai harafi kimanin biliyan 3, wanda ya ƙunshi umarni wajen 20,000. Kowane umarni shi muke kira ƙwayar gado. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafi wannan rubutu, kuma kamar kowane mai kwafi, takan yi kuskure. Yawancin kurakuran ana gyara su nan take, wasu kuma ba su da illa. Kaɗan ne ke faɗawa inda bai kamata ba.

A 1988 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Manuel Perucho suka gano cewa kusan duk ciwon dajin fankiriyas yana ɗauke da kuskure a ƙwayar gado guda mai suna KRAS. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa abin ya haura kashi 90 cikin 100. Aikin KRAS kamar totur ne a jikin babur: idan an murɗa, ƙwayar halitta ta girma ta rabu, idan an saki, ta dakata. Kuskuren harafi ɗaya tak kan sa totur ɗin ya maƙale a murɗe. Amma babur mai maƙalallen totur, in dai birkinsa na da kyau, ana iya tsayar da shi. Birkunan a nan su ne wasu ƙwayoyin gado uku: CDKN2A da TP53 da SMAD4. Ta ƙarshen ma masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore ne suka gano ta a 1996, a cikin ciwon dajin fankiriyas ɗin kansa. Sai totur ya maƙale, birkunan kuma sun tsinke ɗaya bayan ɗaya, sannan ciwon ke samun yadda yake so.

Wannan tsinkewa ba ta rana ɗaya ba ce. A 2010 wata tawaga a Johns Hopkins, ƙarƙashin Christine Iacobuzio-Donahue, ta nazarci ciwon da aka ciro daga gawarwakin mutum bakwai, ta ƙiyasta cewa daga kuskuren farko zuwa samuwar ciwon daji na haƙiƙa akan ɗauki kimanin shekara 12, sannan a ƙara wajen shekara 7 kafin ya samu ikon bazuwa zuwa hanta da sauran sassa. Daga baya, a 2016, masu bincike a Toronto ta Kanada suka nuna cewa a jikin wasu mutanen birkunan kan lalace lokaci guda, ciwon ya yi sauri. Duk da haka darasin farko yana nan: a mafi yawan lokuta akwai shekaru da ciwon ke ƙarami, inda da za a gan shi da an cire shi. Neman hanyar ganinsa a waɗannan shekaru shi ne babban abin da masana suka sa a gaba.

Akwai wani abin mamaki da aka buga a mujallar Nature a 2024. Masu bincike sun yanka fankiriyas sala-sala, suka haɗa hotunan da kwamfuta, sai suka tarar cewa fankiriyas ɗin baligi na iya ɗauke da ɗaruruwan 'yan ƙananan tabo waɗanda ido ba ya gani, kuma kusan dukansu suna da kuskuren KRAS. Ma'ana, da yawanmu muna yawo da irin waɗannan tabo, kuma mafi yawanmu za mu tsufa mu koma ga Allah ba tare da ko ɗaya ya zama ciwo ba. To me ke tura wani tabon ya wuce gona da iri, wani kuma ya zauna lafiya?

Wani ɓangare na amsar ya fito daga Madrid ta Sifaniya tun 2007. A ɗakin binciken Mariano Barbacid an saka kuskuren KRAS a fankiriyas ɗin manyan ɓeraye, amma ciwon ya ƙi tashi, har sai da aka haddasa musu kumburin fankiriyas mai daɗewa. Abin da ke faruwa shi ne, idan fankiriyas ta ji rauni, ƙwayoyin halittar da ke haɗa ruwan narkar da abinci sukan sauya kama na ɗan lokaci, su koma kamar na bututu, domin su gyara ɓarnar. In rauni ya warke sai su dawo yadda suke. Wadda ke ɗauke da kuskuren KRAS ita ce kan kasa dawowa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwan da ke tsaga wannan bango sanannu ne: shan taba, wanda ke ninka haɗarin kusan sau biyu, da yawan shan barasa, da ƙiba mai yawa, da ciwon sukari da ya daɗe, da kumburin fankiriyas mai dawowa. Matasanmu da suka ɗauki zaman shisha a matsayin hutun ƙarshen mako su tuna cewa ita ma taba ce, an dai sa mata ƙamshi.

Wanda aka gada da wanda aka samu

A nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Kuskuren KRAS da muka yi magana a kai yana aukuwa ne a cikin fankiriyas ɗin mutum a tsawon rayuwarsa. Bai gaje shi ba, kuma ba zai gadar wa 'ya'yansa ba. Amma kimanin mutum 1 cikin 10 masu wannan ciwo akwai hannun gado a lamarinsu. Maganar gado ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sikila ta riga ta koya mana. Yau da wuya a ɗaura aure a birane ba a tambayi AA ne ko AS ba, har Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024. Sai dai akwai bambanci: sikila sai an gado daga uwa da uba duka take bayyana, kuma in an gada ta tabbata. A ciwon dajin fankiriyas kuwa gado daga ɓangare ɗaya ya isa ya ƙara haɗari, amma ƙarin haɗari ne kawai, da yawan masu ɗauke da shi ba sa kamuwa.

Iyalin Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da mutanen karkararmu suka sani ta yaƙin da cibiyarsa ta yi da kurkunu, misali ne da aka daɗe ana bayarwa. Wannan ciwo ya kashe mahaifinsa a 1953, da ƙanwarsa Ruth a 1983, da ƙaninsa Billy a 1988, da ɗaya ƙanwar tasa Gloria a 1990. Shi kuwa sai da ya cika shekara 100 kafin ya rasu a Disambar 2024.

Daga cikin ƙwayoyin gadon da aka tabbatar suna ƙara haɗarin akwai BRCA1 da BRCA2 da PALB2 da ATM. Biyun farko an fi saninsu da ciwon dajin mama da na ƙwan mace, shi ya sa maza da yawa ke ganin ba ruwansu. Kuskure ne. Namiji na iya gadonsu daga mahaifiyarsa ko mahaifinsa, ya kuma gadar wa 'ya'yansa, kuma a jikinsa suna iya fitowa ta fankiriyas ko furostet. Gidan da ciwon dajin mama ya ɗauki uwa da goggo da yaya, mazan gidan ma labarin ya shafe su.

Sanin wannan ya fara sauya magani. A 2019 aka kammala wani gwaji mai suna POLO, inda aka bai wa masu ciwon da suka gaji kuskuren BRCA wani magani, olaparib. Ya jinkirta ci gaban ciwon zuwa kimanin wata 7, a maimakon wata 4 ga waɗanda ba su sha ba, ko da yake bai nuna ƙarin tsawon rai a ƙarshe ba. Shi kansa KRAS, wanda aka shafe shekara talatin ana cewa ba shi da makama, an samo magani na farko da ke kama wani nau'insa, aka amince da shi a 2021 domin ciwon dajin huhu. Wannan nau'in bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ciwon fankiriyas ba, amma ya buɗe ƙofa, kuma an shiga gwada wasu magungunan da ke kama sauran nau'o'in. Har yanzu dai tiyata ce babbar hanyar warkewa, musamman aikin da ake kira da sunan Allen Whipple, likitan da ya bayyana shi a 1935. Matsalar ita ce mutum 15 zuwa 20 ne kawai cikin 100 ke isa asibiti tun ciwon na ciruwa.

Abin da ake yi a nan Doha

Ƙasar da muke zaune a cikinta ta zuba jari sosai a wannan fanni. A 2012 Gidauniyar Qatar, tare da haɗin gwiwar asibitocin Hamad da hukumomin lafiya, ta kafa rumbun ajiyar jini da bayanan lafiya mai suna Qatar Biobank. A Disambar 2013 Sheikha Moza bint Nasser ta sanar da shirin karanta DNA na 'yan ƙasa a wani taron lafiya na duniya da aka yi a Doha, shirin kuma ya kankama a 2015. A 2024 aka haɗe rumbun da shirin wuri guda. Daga cikin amfanin da aka girba akwai wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Oncology a 2022, inda aka duba DNA na 'yan Qatar fiye da 6,000 domin ganin yadda ƙwayoyin gadon ciwon daji suka rarrabu a tsakanin zuriyoyinsu daban-daban. Haka kuma a cibiyar QBRI ta Jami'ar Hamad Bin Khalifa an yi shekaru ana ɗaukar ƙwayoyin halitta daga jinin mutum, a mayar da su kamar na ɗan tayi, sannan a raine su a ɗakin gwaji har su zama na fankiriyas. Ciwon sukari ne ya kai su ga wannan aiki, amma sanin yadda ƙwayar fankiriyas ke samun kamanninta shi ne kuma sanin yadda take rasa su.

Dalilin da ya sa Qatar ta yi wannan ɗawainiya ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan mutanen da aka yi binciken gado a kansu a duniya Turawa ne ko jikokinsu. Larabawa sun ga cewa littafin da aka rubuta da jinin Bature ba lallai ya fassara nasu daidai ba, sai suka rubuta nasu. Mu fa? Masana sun yi ittifaƙi cewa babu nahiyar da ta kai Afirka yawan bambancin gado. A 2020 shirin H3Africa ya karanta DNA na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ciki har da Birom na Filato, sai ga bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Illar wannan giɓi a aikace ita ce, idan Bahaushe ya yi gwajin gado, ya fi Bature yiwuwar samun sakamakon da ke cewa an ga wani sauyi amma ba a san ma'anarsa ba. Rumbun Qatar yana karɓar baligai 'yan ƙasa da kuma baƙin da suka shekara 15 a nan. Duk wanda ya cika wannan sharaɗi a cikinmu ya duba ko zai ba da tasa gudummawar. Ɗalibanmu kuma da ke karatun likitanci da kimiyya da kwamfuta a Jami'ar Qatar da Weill Cornell da Hamad Bin Khalifa, ga fili nan buɗe. Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da marasa lafiya da likitoci. Abin da suke ƙishirwa shi ne masu iya karanta DNA da kayan aikin yin hakan.

Shawara da olsa

Yanzu ga abin da ya fi kusa da mu. Bututun da ke kai ruwan madaciya cikin hanji yana ratsa kan fankiriyas. Idan ƙari ya fito a wurin sai ya toshe shi, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. A gida sunan wannan shawara, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya: a jiƙa saiwa da sassaƙe, a hana maiƙo, a kuma gargaɗi mara lafiya cewa kada ya yarda a yi masa allura. Shawara alama ce kawai, kuma abubuwa da dama ke kawo ta, ciki har da ciwon hanta da tsakuwar madaciya da zazzaɓin cizon sauro. Amma dattijon da ya haura 50, idonsa ya canza ba zazzaɓi, yana ramewa, asibiti ya kamata ya kwana a wannan makon. Kowane wata da aka ɓata ana jiƙo, daga cikin ɗan lokacin da tiyata za ta yiwu ake cire shi.

Haka ciwon saman ciki mai ratsawa zuwa baya, wanda muke saurin kira olsa mu yi ta sayen magani a kemis. In ya ƙi ji, ga rashin cin abinci, ga wando na zamewa, a koma wurin likita. Akwai kuma ciwon sukari da ya bayyana kwatsam bayan shekara 50, musamman ga wanda ke ramewa maimakon ƙiba. Wani bincike na asibitin Mayo a Amurka ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 100 na masu sabon ciwon sukari a waɗannan shekaru akan gano musu ciwon dajin fankiriyas cikin shekara uku. Sauran 99 sukari ne kawai, don haka ba abin tayar da hankali ba ne, abin sa ido ne.

Ga mazauna Qatar, hanyar ita ce cibiyar lafiyar da katinka yake, ko asibitocin ma'aikata na Red Crescent. Idan likita ya yi zargin ciwon daji akwai tsarin turawa cikin gaggawa zuwa asibitocin Hamad, inda cibiyar kula da ciwon daji ta ƙasa take, wadda tsofaffin mazauna suka sani da asibitin Al Amal. Kada tsoron rasa aiki ko kunyar neman izini wurin mai gida ya sa ka yi ta ɗaga zuwa sai hutun shekara. Ga iyayenmu na gida kuwa, mu da muke tura kuɗi muna da bakin magana. In an kira ka an ce Baba na fama da shawara, ka tambaya: an yi gwajin jini? An yi hoton ciki? Hoton da ake yi da na'urar shafa ciki yakan kasa ganin fankiriyas sosai saboda iskar hanji, shi ya sa likita kan nemi na CT, wanda ake samu a manyan asibitocin koyarwa. Kuɗin hoton nan ya fi kuɗin jiƙo goma amfani.

A kuma kula da masu talla. Har yau babu wani gwajin jini da aka amince a riƙa yi wa kowa da kowa domin gano wannan ciwo. Gwajin CA 19-9 da wasu ɗakunan gwaji ke sakawa cikin kunshin duba lafiya an yi shi ne domin bibiyar wanda aka riga aka gano masa ciwon. Yakan hau saboda wasu dalilai, wasu mutanen kuma jikinsu ba ya samar da sinadarin ko kaɗan. Waɗanda ake sa wa ido a kai a kai su ne masu tarihin gado mai ƙarfi, kamar wanda ciwon ya kama 'yan uwansa na jini biyu ko fiye, ko wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da muka ambata.

Wannan ya kawo mu ga aikin da kowannenmu zai iya yi ba tare da ya kashe riyal ko ɗaya ba. A al'adarmu in mutum ya rasu akan ce ya yi gajeriyar rashin lafiya, ko ciwon ciki ne, a yi addu'a a rufe zancen. Yarda da ƙaddara wajibi ne, kuma bai hana tambaya ba. Idan ka kira gida a wannan Juma'ar, ka zauna da Hajiya ko Kawu ko wata goggo mai riƙe tarihin gida. Wane ciwo ne ya ɗauki Kaka? Yana da shekara nawa? Wa ya yi ciwon mama, wa ya yi shawarar da ba ta warke ba, wa ya rame kafin ya rasu? Ka rubuta, na ɗakin uwa daban, na ɗakin uba daban, ka adana a wayarka, ka tura wa ƙannenka. Ranar da likita a Doha ko Kano ko Maraɗi zai tambaye ka ko akwai ciwon daji a danginku, wannan takarda za ta iya zama abin da zai sa ya tura ka hoto a kan lokaci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma tsare mu a wannan zama na baƙunta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah Ya kai mu.